Kwaɗon da Na Sa wa Tankin Gas

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, goma sha biyu daga ciki ina hedimasta, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa tuƙa abin da ya wuce babur ba. Amma da na ajiye aiki aka ba ni haƙƙina, ban sayi shanu ba, ban buɗe shago ba, kamar yadda masu hankali suke yi. Sai na sayi babbar mota, tsohuwa mai taya goma da bodin katako, wadda ta riga ta gama ƙuruciyarta a hannun wasu. Uwargida ta tambaye ni abin da na sani game da mota. Na ce mata mota ai lissafi ce, lissafi kuwa da shi nake cin abinci tun kafin in aure ta. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne ina da direba a gida. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma sa'ana, watanni kaɗan ne tsakaninmu. Tare muka yi makarantar allo a Bodinga, ni aka kai ni boko, shi ya bi mota, ya yi shekara arba'in a kan hanya bai taɓa kayar da kayan kowa ba. Wanda bai san wasan taubasai ba, in ya ji mu sai ya taso rabon faɗa. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a wasa bawana ne, kuma ban taɓa bari ya manta ba. Shi kuma raggo yake ce mini, wai na tsufa ina karɓar albashi don kawai na iya daka wa yara tsawa. Na kira shi ɓarawo a gaban jama'a ya fi sau ɗari, a wurin suna, a wurin ɗaurin aure, yakan yi dariya ya rama da abin da ya fi zafi. Ba ni da wani mutum a duniya da nake sakin jiki da shi kamarsa. Hedimasta kowa gaishe shi yake yi, kuma mutum yana gajiya da gaisuwa. Shi kaɗai ne zai yi sallama a tsaitsaye, ya faɗo zaurena, ya janye kwanon da ke gabana ya hau ci yana kushe miyar.

Da damina muka fara aiki. Albasa muke ɗauka daga ƙauyukan Bodinga da Shagari mu kai Jega, inda fatake suke juye ta a tireloli su yi Kudu da ita. Albasar wannan lokaci ajiyayya ce, ta yi watanni a rudu, wato shimfiɗar kara da manoma suke baza ta a kai a ƙarƙashin rumfa, ta sha iska ta tsotse. Agogon mai na motar ya mutu tun kafin ta zo hannuna, don haka da sanda taubashina yake awon gas, wata 'yar sandar dogon yaro da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. Yakan tsoma ta a tanki ya zaro, ya dubi inda ta jiƙe, ya ce ya isa ko bai isa ba. Ni wannan bai yi mini ba, na ga abin ƙauyanci ne. Sai na ɗauko wata doguwar rular katako ta zana layi a allo, wadda ta biyo ni gida daga makaranta ranar da na ajiye aiki, ban kuma samu lokacin mayar da ita ba har yau. Da ita na riƙa auna tankin kafin ya tafi da bayan ya dawo. Tafiya bayan tafiya, abin da motar take sha kusan ɗaya ne, har na haddace shi.

Ƙorafina guda ɗaya ne a lokacin, rashin saurinsa. Motocin bas suna wuce shi, tireloli suna wuce shi, har wani mai keke napep ya taɓa wuce shi a hanyar Sifawa, ya zo musamman ya ba ni labari. Da na yi masa magana sai ya ce, "Motag ga tsohuwa ta, lallashinta akai." Na ce shi ne dai tsohon, ya ce aƙalla shi yana zuwa wani wuri, ni kuwa daga zaure sai masallaci.

Da bazara ta shigo aka fara cirar sabuwar albasa, aiki ya yi yawa, gas kuma ya yi tsada irin wadda take sa mai mota mafarki da rana. A nan ne rulata ta fara ba ni labarin da ban so ba. Hanya ita ce dai, direba shi ne dai, yawan buhunan da aka yi ciniki da su bai canza ba, amma tanki yana dawowa ƙasa da inda na saba ganinsa. Karo na farko na ce kuskuren awo ne. Karo na biyu na sake tsoma ta sau biyu. Karo na uku na kasa cin tuwo.

Yanzu da nake rubuta wannan, ina iya ganin abubuwan da na ƙi gani. A kowane ƙauye na wannan yanki ina da tsofaffin ɗalibai, yawancinsu sun zama magidanta masu noman albasa. Ranar lodi wayata ba ta hutawa: Malam, buhu biyu ne kawai, Malam, uku ne na gyatumata. Mutumin da ya durƙusa ya gaishe ka, ya tuna maka bulalar da ka yi masa a aji huɗu yana dariya, ba ka iya ce masa a'a. Sai in ce a ɗora. Kuma tunda na alfarma ne, ba na sa su cikin ƙidaya, kamar dai buhun da aka ɗauka don zumunci ba shi da nauyi. Ga shi kuma tun da aiki ya yi yawa na matsa wa direba da waya, ka kai ina, me ka tsaya yi, wasu na jira. Don ya samu lafiya ya ɗan ƙara taka mota. Duk wannan ni na yi shi da bakina, amma ko sau ɗaya ban haɗa shi da rula ba.

Wata rana bayan La'asar na yi zancen a majalisarmu, ban ambaci kowa ba, na ce wai wani abokina ne motarsa take shan gas fiye da kima. Wani maƙwabcina, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba, ya gyara zama ya ce wannan ai sananne ne, duk direban babbar mota yana da tiyo a ƙarƙashin kujera, in ya yi nisa da gida sai ya zuƙe jarka ɗaya ya sayar. Washegari na faki ido na ɗaga kujerar motata. Tiyo na nan a naɗe. Daga baya na san babu babbar motar da ba ta da shi, da shi ake jawo gas a wanke filta ko a taimaki wanda ya maƙale a hanya. Amma a ranar ji na yi kamar na kama ɗalibi da takardar satar amsa.

Na fara yi wa taubashina zancen da wasa, yadda muka saba. Na ce ɓarawo, ina gas ɗina yake zuwa. Ya yi dariya ya ce cikina ya duba, ya ga ya ƙara girma. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya yi mini bayani a natse. Ya ce albasar yanzu ɗanya ce, ruwa ne cike da ita. Ya ce kuma tunda da buhu ake cinikin ɗauka ba da nauyi ba, manoma manyan buhuna suke samowa, su danna, su tula, su ɗinka wa bakin wani guntun buhu kamar hula. "Buhu guda na yanzu ya kusa ɗaya da rabi na damana," in ji shi. "Ga naka na alhwarma bisa. Ga ka kana kira in yi sauri. Mi kaka so ta sha, ruwan randa?"

Bayanin ya yi mini sauƙi da yawa, shi ya sa na ƙi shi. Da wani mai takardar digiri ne ya faɗa mini da Turanci, da na gyaɗa kai har hulata ta faɗi. Amma mutumin da na fi shi karatu tun muna yara, kuma wanda na ga tiyo a ƙarƙashin kujerarsa, na ce a raina ai dole ya tanadi amsa.

Na je wurin maƙeri ya ƙera mini wani marfin ƙarfe mai kunne wanda zai hau kan bakin tanki, na sayi kwaɗo sabo mai walƙiya. Uwargida ta gan su a ƙarƙashin gado. Ta ce in zarginsa nake yi, in kira shi zaure in faɗa masa mu biyu, in rantsuwa ce ma ya yi mini, amma kada in kai wannan abu tasha. Na ce mata wannan ba zargi ba ne, tsari ne, kowane aiki yana buƙatar tsari. Ta ce ta ji, amma in tuna gwaggo ce ta goya ni lokacin da innata take jinya.

Ranar kasuwa na zaɓa, ban san dalili ba, ko kuwa na sani. Motar tana tsaye a tasha, direbobi suna zaune a benci a inuwa, masu lodi suna ta kai da kawo. Na sa aka zuba gas har ya kai daidai abin da motar take sha da damina, zuwa da dawowa, na ƙara yatsa biyu a kai don kada a ce ba ni da adalci. Sa'an nan na ɗora marfin, na danna kwaɗo, na jefa makulli a aljihu. Ƙarar dannawar ba ta da yawa, amma duk hirar da ake yi a benci ta tsaya.

Taubashina yana gefe yana duba taya. Ya miƙe, ya dubi kwaɗon, ya dube ni.

"Wanga hwa?"

Na ce tsari ne. Na ƙara da cewa, da ƙarfi yadda 'yan benci za su ji, wannan gas ɗin zai kai Jega ya dawo, kuma jibi da ni za a yi tafiyar don in gani da idona. Na jira ya zage ni. Wallahi na jira, don da ya ce raggo ko makamancin haka, da abin ya koma wasa, kowa ya yi dariya. Amma bai zage ni ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce Allah ya kai mu jibin, ya tafi. Kwana biyu motar ta yi a tsakiyar tasha da kwaɗona yana sheƙi a rana, kowa ya zo wucewa sai ya duba.

Ranar tafiya muka yi sammako zuwa Dandin Mahe inda za a yi lodi. Na sa babbar riga, ban san wa zan burge ba, na riƙe rula a tsakanin gwiwoyina. A can na fara ganin buhunan da idona. Na daɗe ina cewa buhu kaza, buhu kaza, amma ban taɓa tsayawa kusa da ɗaya ba. Kowanne ya kusa kai mini ƙirji, ƙarti uku ne suke kama shi suna nishi. Ana cikin haka tsofaffin ɗalibaina suka ji Malam ya zo da kansa, suka yo ɗango. Na yi niyyar in ƙi, har na shirya kalmomin, amma da na farko ya cire takalmi ya durƙusa sai na ji bakina yana cewa a ɗora. Taubashina yana tsaye yana kallon bayan motar yana sauka a hankali a kan tayoyi. Da can zai ce mini wani abu mai zafi. Ranar bai ce ba.

Wanda bai taɓa zama a gaban mota mai nauyi ba bai san wahalar tashi ba. Injin ya yi ta kuka, motar tana rawa, baƙin hayaƙi yana fita, amma da ƙyar muke motsi. Sai taubashina ya daɗe a giya ɗaya kafin ta yarda ya sa ta biyu. Da mun samu ta miƙe ta fara numfashi, sai ga rami, ko tudun rage gudu a bakin gari, ko shinge, ko garken shanu yana tsallaka titi, dole ya taka birki, a sake komawa farko. A kowane ɗan hawa, wanda a kan babur ban taɓa lura akwai shi ba, sai ta koma ƙaramar giya tana gurnani. Na lura da yadda yake hango rami tun daga nesa ya saki totur da wuri, don kada ya tsaya gaba ɗaya. Na lura, amma na ce a raina duk cikin nuna mini ne.

Hirar da muka yi daga Dandin Mahe zuwa Jega ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba. Na miƙa masa goro, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Wannan godiyar ta dame ni fiye da zafin da ke tasowa daga injin, don a rayuwata bai taɓa gode mini a kan goro ba, fizgewa yake yi.

A Jega, bayan an sauke kaya mun yi Azahar, na buɗe kwaɗo da kaina na tsoma rula. Na zaro, na goge, na sake tsomawa. Fiye da rabi ya tafi, nesa ba kusa ba. Makulli yana aljihuna tun shekaranjiya, yau kuma ban rabu da motar ba ko na minti ɗaya sai lokacin salla, shi ma tare muka yi sahu. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce na yi kuskure. Ni kuwa sai na hau lissafi.

Shekaru ina kula da janareton makaranta, kuma na san shi da awa yake shan mai: in ya yi awa uku ya fi shan wanda ya yi awa biyu. To mota ma ai inji ce. In muka bi tafiyar taubashina za mu daɗe a hanya injin yana ci, in kuwa muka yi gudu za mu isa da wuri, injin ya yi aiki kaɗan, gas ya rage. Ga shi yanzu ba kaya. Na ji daɗin wannan tunani ƙwarai, har na yi mamakin yadda direbobi suka shekara a hanya ba wanda ya gano shi.

Taubashina ya ce mu ƙara ko jarka guda kafin mu tashi. Na ce ba a ƙara ko cokali, na riga na faɗa a tasha. Na bayyana masa hikimar janareto dalla-dalla, yadda nake yi wa 'yan aji shida, na ce ya taka mota iyakar ƙarfinta. Ya saurare ni har na gama. Bayan mun fita gari mun hau titi sosai, sai ya ce in fitar da hannuna ta taga. Na fitar. Ya ƙara wuta, iska ta tura hannun baya har hannun rigata ya naɗe mini a fuska.

"Wagga iska da kaka ji ga tahin hannu, ita motag ga taka turewa da goshinta duka, da bodinta," in ji shi. "In ka ƙara gudu kaɗan, ita da yawa taka ƙara ƙarhi. Janareto zaune shike wuri guda, ba shi ture komi."

Na ce iska ai ba ta da nauyi, wannan ko ɗan aji uku ya sani. Ya ce to, mota tawa ce.

Ban taɓa sanin tsohuwar tana da gudu haka ba. Katakon bodi yana ta ƙara, tamfol yana kaɗawa a baya kamar zai tsage, injin yana wani irin ihu da ban ji ba ko da take ɗauke da kaya. Muka wuce wata bas, na ji wani daɗi na yarinta, har na ɗaga wa fasinjojin hannu. A Tambuwal ya rage gudu kusa da wani gidan mai, ya dube ni. Na kau da kai na ce mu je. Muka wuce Shagari rana ta fara karkata, na fara shirya abin da zan faɗa a tasha in mun isa, har da inda zan ɗan dakata don a yi dariya.

Ba mu yi nisa da Shagari ba ta fara tari. Ta fizga, ta saki, ta sake fizga. Ya kashe gudu ya gangara da ita gefen titi a hankali, ta yi shiru. A wurin babu ko bishiyar kirki, gonaki ne fetal an share ana jiran ruwa. Na sauka, na buɗe kwaɗo, na tsoma rula. Ƙarshenta kaɗai ya ɗan yi danshi.

Na tsaya riƙe da ita ina neman wanda zan ɗora wa. Na duba ƙarƙashin motar ko tanki yana yoyo, ƙasa a bushe. Na yi tunanin ko mai gidan man Bodinga ya tauye mudu, sai na tuna da rulata na auna. Duk inda na juya, ni nake tararwa. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Shi kuwa ya ɗauko duwatsu ya tare tayoyi, ya karyo ganye ya jera a titi don masu zuwa, ya zaro jarka daga bayan kujera ya ajiye a gabana. Bai ce in je ba, amma a fili yake cewa ba zai sake taɓa abin da ya shafi gas ɗin motar nan ba. Haka na tare ɗan kabu-kabu, na tattare babbar riga, na rungume jarka muka koma Shagari. A hanyar dawowa jarkar tana ɗiga a cinyata, bas ɗin da muka wuce ɗazu ta zo ta wuce mu, cike da mutanen Bodinga. Wani ya leƙo ta taga ya gaishe ni da cikakken ladabi, ya tambaye ni ya aiki.

Da na iso na miƙa masa makullin kwaɗon, don na sake kullewa kafin in tafi, tsabar sabo da wauta. Ya dubi makullin bai karɓa ba.

"Buɗe da hannunka, Malam. Kai kak kulle."

Na buɗe, na zuba, rabi a tanki rabi a takalmina. Na ɗauka shi ke nan sai tafiya, ashe motar gas in ta shanye ƙarƙaf iska take shiga bututunta, sai an fitar da ita kafin ta tashi. Ya kwanta a ƙasa mai zafi, mutum mai shekara sittin da ɗoriya, ya sassauta wani noti, ya riƙa danna ɗan famfon hannu, kumfa tana fita, gas yana gangaro masa har gwiwar hannu. Ya fi rabin awa a haka. Ina tsaye a kansa na ce masa na yi kuskure, ya yafe mini. Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya, in miƙo masa sifana. Na cire marfin da kwaɗon na wurga su cikin gona. Ko ɗaga kai bai yi ba.

Daga nan zuwa gida da irin tafiyarsa muka zo.

Uwargida ba ta ce ai na faɗa maka ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta karɓi rigar ta jiƙa, ta ce abin da aka ɓata a gaban mutane ba a gyara shi a bakin titi. Na san gaskiyarta. Duk da haka sai da na yi mako biyu ina jan ƙafa, yau ciwon baya, gobe gaisuwar mutuwa. Da na ga ba makawa, na sake zaɓar ranar kasuwa, na tafi tasha, na tsaya a gaban benci na yi gyaran murya. Na ce na zalunci ɗan'uwana, na zarge shi da abin da bai yi ba. Da na tsaya a nan da ya yi kyau. Amma halin malanta ya motsa, na shiga yi wa direbobi bayanin yadda nauyin kaya yake sa mota shan gas a wurin tashi da hawa, da yadda gudu yake sa ta kokawa da iska. Mutanen da suka yi furfura a kan sitiyari suna zaune suna kallona, wasu suna danne dariya. Da na gama, wani dattijo daga cikinsu ya ce sun gode da karatu, amma in kwantar da hankalina, tun ranar da na sa kwaɗon babu wanda ya zargi direbana a tashar nan, ni dai suke ta yi wa addu'a.

Aka yi dariya, ni ma na yi, na ji sanyi a raina. Na ɗauka an wuce wurin. Na bi taubashina bayan mota inda yake ɗaure tamfol, na ce to ka ji, sunanka bai ɓaci ba, kowa ya san ka. Ya gama ƙulla igiyar tukuna, sa'an nan ya juyo.

"Su ai sun san ni tun can," ya ce. "Kai na ba ka san ni ba, kuma tare munka tashi."

Bai bar aikin ba, yana da iyali, kuma ba mutum ne mai fushi ya yar da abincinsa ba. Har yau shi yake jan motar, a hankali, ban kuma sake kiransa a waya in yana hanya ba. In ɗalibaina suka nemi alfarma nakan ce su tambayi direba, in ya ce ta cika, ta cika. Mota tana lafiya, gas yana isa.

Da Sallar da ta biyo baya ya zo gaishe ni. Ina zaune a zaure da kwanon nama a gabana, na tura shi tsakiya da gangan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama sau biyu har sai da na amsa, ya cire takalmi, ya shigo ya durƙusa daga gefe. Na ce kai bawana, tsohon ɓarawo, sai yanzu ka ga damar zuwa gaida ubangijinka. Na faɗa da ƙarfi, ina dariya, ina roƙon Allah ya sa ya zage ni.

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, a yi haƙuri. An yi Salla lahiya?"

Na ce lafiya lau. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi addu'a muka shafa, sa'an nan ya zauna yana jira in sallame shi.